Kwamfuta a Cikin Mota: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

Gaisuwa ta musamman ga direbobi da 'yan kamasho da yaran mota, tun daga Tashar Yari, Makarfi, Ikara, Paki, har Hunkuyi da Kudan. Ban manta da makanikai da masu wayarin ba, domin rabin maganar yau a hannunsu take. Wanda ke riƙe da sitiyari a yanzu, kunne kawai muke roƙo, ido ya tsaya a kan hanya.

Zancenmu na yau a kan kwamfutar da ake ɗaura wa mota ne. Birenbos, wato na'urar da kamfani ya sa tun daga masana'anta don ta kula da mai da iska da wutar filogi, a bar ta inda take. Muna magana ne a kan wadda mai mota ke ƙarawa da kuɗinsa: allon da ake liƙawa a gurbin rediyo, ko ɗan akwatin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin kujera, mai nuna taswira, mai kunna karatu ko waƙa, mai nuna baya in an sa ribas, wani har ya gaya wa Alhaji inda motarsa take a tsakar dare.

Abin ya daɗe a duniya. A 1998 kamfanin Clarion na Japan ya haɗa kai da Microsoft suka fitar da AutoPC, kwamfuta mai girman rediyon mota, amma ba ta yi kasuwa ba. A 2001 kamfanin VIA na Taiwan ya fito da ƙaramin madabod mai suna Mini-ITX, santimita 17 kowane gefe, sai masu sha'awa a Amurka da Turai suka shiga cusa shi a but ɗin motocinsu. Darasin da suka biya kuɗi suka koya a wancan lokaci shi ne muke sake biya a yau, a nan Arewa, kuma namu ya fi tsada domin ƙasarmu ta fi zafi da ƙura.

In ka shiga shago a Kano ko Zariya ko Kaduna, mai kaya zai tare ka da abu biyu: "Ranka ya daɗe, wannan inci goma ne, giga kaza ne." Girman allo da yawan giga. To a sanina, ba ƙarancin giga ke kashe waɗannan na'urori ba. Wutar mota ce ke kashe su, da zafin rana, da ƙura, da gargada. Shi ya sa zan bi maganar daga inda mai shago yake ƙarewa, in ma ya kai can.

Amma kafin nan, malam, wane aiki kake so ta yi maka? Direban Sharon da ke jigila tsakanin Ikara da Zariya, rediyo yake so mai kama tasha da kyau, da wurin sa filasha, da kyamarar baya. Alhajin da ya loda tumatur zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, ko ya ɗora rake daga Makarfi, shi damuwarsa sanin inda mota ta kwana da gudun da direba ya yi. Bakanike so yake ya karanta ciwon inji. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ko na kwalejin Nuhu Bamalli kuwa so yake ya haɗa da hannunsa, ya ga yadda abin ke aiki. Mutum huɗu, kaya huɗu. Wanda bai tantance nasa ba, zai sayi na wani.

Mu fara da wuta, kuma a nan zan daɗe.

Ana cewa batirin ƙaramar mota bolt 12 ne. Sunansa ke nan kawai. In ya cika, mota na kashe, yana kusan 12.6. In inji na aiki, altaneta na caji, yakan kai 14 da 'yan kai. Lokacin da ka murɗa makulli kik ya ja, wutar kan faɗo zuwa 9 ko 10, in batirin ya gaji ta faɗi ƙasa da haka. Wutar mota kamar rafi ce da damina, yanzu ta janye, an jima ta yi ambaliya. Kwamfuta kuwa wuta madaidaiciya take so, ba hawa ba sauka.

Ambaliyar ita ce abin tsoro. Idan kan batir ya kwance alhali inji na aiki, wutar da altaneta ke turawa ba ta da inda za ta zuba, sai ta yi tsalle cikin ƙiftawar ido, ta haura bolt 40, a tsofaffin motoci ta doshi 100. Injiniyoyi sun san wannan sarai, har akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa, ISO 16750, da ake gwada kayan lantarkin mota a kanta. Yanzu ku tuna ɗabi'unmu. Mai wayarin na so ya gane ko altaneta na caji, sai ya zare kan batir inji na aiki. Motar maƙwabci ta ƙi tashi, sai a tayar da taka, a ciro batirinka a kai masa, a bar taka tana ruri babu batir. Kan batir ya yi sako-sako, sai a buga masa ƙusa, a hau gargada, yana taɓawa yana saki. A zamanin Fijo 504 mai kafireto, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, an yi haka an kwana lafiya, don babu abin ƙonewa sai ƙwan fitila. Motar da ke ɗauke da kwamfuta ba ta yafe wannan. Haka in za a yi wa mota walda, a cire kan batir a kuma zare wayar na'urar tukuna.

Saboda haka abu na farko da za ka saya shi ne na'urar daidaita wuta da aka ƙera domin mota. Wasu kan ce ai ga inbata. A ɗauki wutar batir, a mayar da ita irin ta gida, bolt 230, sannan a jona kwamfutar ofis, ita kuma ta sake sauke wutar zuwa 12 da 5. An hau an sauko, kuma a kowane mataki ana asarar wuta tana zama zafi. Kwamfutar tebur mai shan wat 100 ko fiye, ta hanyar inbata, daidai take da barin manyan fitilun gaba a kunne, domin kowane ƙwai wat 55 ne. Ga ƙugin da inbata mai araha ke sa wa lasifika. Ga shi da ka murɗa kik sai ta ɗauke, kwamfuta ta mutu ta sake tashi. Ban ba kowa shawarar wannan hanya ba.

Abin da ya dace shi ne mai sauke wuta kai tsaye daga ta batir zuwa ta kwamfuta. Akwai irin su M2-ATX da M4-ATX na kamfanin Mini-Box, waɗanda ke karɓar wuta tun daga bolt 6 har 24 ko 30, su fitar da madaidaiciya. Ba lallai sai wannan suna ba, amma ka nemi mai hali uku. Ya jure faɗuwar wuta lokacin kik. Ya san lokacin da aka kashe makulli, ya ba kwamfuta 'yan daƙiƙu ta rufe kanta cikin tsari kafin ya yanke mata wuta. Sannan in batir ya sauko kusan bolt 11, ya yanke gaba ɗaya, don a bar maka abin tayar da mota.

Wannan na ukun, bari mu yi masa lissafi. Batirin ƙaramar mota yawanci amfiya 60 ne zuwa 75. A ce na'urarka na shan rabin amfiya alhali mota na kashe. Kwana ɗaya ta sha 12. Ka ajiye mota ranar Juma'a ka tafi biki, ka dawo Litinin, ta sha 36, fiye da rabin batir mai 60. Sai turi. Kuma batirin mota in ana yawan zuƙe shi haka, ba ya daɗewa. Lafiyayyar mota in tana kashe, duk abin da take sha bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan rabin amfiyar ba. Mai wayarin da ya san aikinsa zai sa mita ya auna a gabanka bayan ya gama ɗauri. Ka ce masa, "Maigida, a auna min in gani." Ba raini ba ne, haƙƙinka ne.

Masu manyan motoci, DAF da tirela da makamantansu, ku tuna yawancin naku bolt 24 ne. Na'urar da aka rubuta mata 12 kaɗai, in aka jona ta a can, hayaƙi za ta yi. Kuma dabarar nan ta jan wuta daga batir ɗaya cikin biyun tana sa ɗaya ya riga ɗaya mutuwa. A sayi wadda aka rubuta mata 9 zuwa 36.

Masu Golf da Sharon da Vectra, ga wata 'yar magana taku. A wayar rediyo, ruwan ɗorawa ita ce mai wuta kullum, ja ita ce ta makulli, baƙa ta jikin mota. A soket ɗin motocin Volkswagen da Opel da yawa, gurbin ja da na ruwan ɗorawa a musanye suke. In aka jona kai tsaye, ko dai na'urar ta riƙa manta tashoshi da agogo duk safiya, ko ta ƙi kashewa ta kwana tana shan batir. Gyaran na minti biyar ne ga wanda ya sani.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, muna tare, kuma muna kan batun kayan kwamfutar mota. Mun gama da wuta, sai zafi.

A watan Maris da Afrilu, zafin yankinmu kan doshi digiri 40 a inuwa. Motar da aka rufe gilasanta aka bari a rana, a ce ranar Laraba a kasuwar Makarfi daga hantsi zuwa la'asar, iskar cikinta na iya wuce digiri 60, saman dashbod kuma ya fi haka nesa. Yawancin kwamfutocin gida da wayoyin hannu an yi su ne su yi aiki a wurin da bai wuce digiri 35 ko 40 ba. Akwai na masana'antu, waɗanda a takardarsu za ka ga an rubuta suna jure 60 ko 70. Sanyin da suke jurewa bai dame mu ba, lambar sama za ka duba.

A nan ne nake jan kunnen masu liƙa tsohuwar waya ko tablet a jikin gilashi su bar ta can dindindin. Dabara ce mai sauƙi, kuma ga mai buƙatar taswira kawai ta isa, in dai zai cire ta ya tafi da ita duk lokacin da ya fita. Batirin litiyam ba ya shiri da zafi. Yana kumbura, ya ɓalle murfi, wani lokaci ya kama wuta. Kyamarar gaban mota ma haka. Akwai mai batir a ciki, akwai mai sufa-kafasita. A ƙasarmu mai sufa-kafasita za ka nema, ko da ta fi tsada.

Wurin ajiya ma zaɓi ne. Ƙarƙashin kujera ya fi saman dashbod sanyi, amma da damina ruwa na shiga ƙasan mota, masu wankin mota kuma ba sa tambaya kafin su watsa. A ɗaga akwatin daga ƙasa kamar yatsa uku, a ɗaure shi da noti, a bar masa sarari iska ta wuce. In a but za a sa, kada ya haɗa wuri da jarkar fetur.

Ƙura kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kawo tata, hanyoyin burji na shiga fadamu da gonakin rake suna ƙara tasu duk shekara. Kwamfuta mai fanka tana zuƙo iska ne don ta huce, tana zuƙowa da ƙura, har ƙurar ta toshe hanyar iskar ta kuma cinye fankar. Ka nemi marar fanka, mai jikin alminiyam mai tsaga-tsaga, wadda jikinta ne ke fitar da zafi. Irin wannan ba ta da ƙarfin babbar kwamfuta, amma me za ka yi da ƙarfin a mota?

Batun gargada gajere ne. Tsohon hadis, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, na da faifai a ciki mai juyawa sau 5,400 a minti, da allura mai shawagi dab da shi. Rami ɗaya mai kyau ya isa allurar ta karce faifan. SSD ba shi da abin da ke motsi, shi za ka sa. Katin memori kuma, musamman na kyamara wadda ke rubutu ba hutawa, akwai wanda aka yi domin wannan wahala, a nemi shi. Kasuwa cike take da na jabu: a rubuta giga 128 a jiki, cikinsa bai wuce 8 ko 16 ba. Zai nuna maka yana ɗauka, sai ranar da aka yi hatsari ka je neman hoton ka tarar babu. Gwajinsa shi ne ka cika shi taf da bidiyo, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Filogin USB ma na zarewa da jijjiga, a ɗaure wayoyi da roba.

Sai yanzu muka iso ga ita kanta kwamfutar, kuma hanya uku ce.

Ta farko, allon Android da aka haɗa aka gama, a zura a gurbin rediyo. Ga mafi yawanmu wannan ya wadatar, domin rediyo da amfilifaya da GPS da wurin kyamara duk suna ciki, kuma an yi shi ne don wutar mota. Gurbin rediyo iri biyu ne, faɗin duka santimita 18, tsayin ƙarami 5, na babba 10. Ka auna naka kafin ka tafi kasuwa, ka kuma tambayi firam ɗin da ya dace da motarka, kada a ɗauko wuƙa a yanka maka dashbod. Kada ka sayi mai RAM ƙasa da giga 4 in za ka yi aiki da taswira. Sai dai a nan ma akwai ha'inci: wasu marasa suna ana shirya su ne su nuna RAM da samfurin Android da ba nasu ba. Kada ka tsaya ga abin da allo ya rubuta. Buɗe taswira, kunna waƙa, sa ribas, ka koma taswira. Mai ƙarya a nan yake fara sanɗa. Ka kuma juya bayansa ka ga ko akwai ƙarfen fitar da zafi mai kauri, ko gwangwani ne kawai. Araha ba ta ado.

Ta biyu, ƙaramar kwamfuta mai Windows ko Linux. Wannan ta bakanike ce da mai aikin da dole sai da manhajar kwamfuta. Masu ɗauke da Intel N100, wanda ya fito a 2023, ba sa shan wuta sosai, kuma akwai marasa fanka a cikinsu. Gaskiya dai, ga bakanike tsohuwar laftof mai ƙwari da zai ɗauka ya ajiye ta fi masa wadda aka ɗaure a mota ɗaya.

Ta uku, Raspberry Pi, ɗan bod mai girman katin banki da aka fara sayarwa a Ingila a 2012. Wannan na ɗalibai ne da masu son koyo, kuma ina ƙarfafa musu gwiwa. Amma su sani bolt 5 yake so, samfuri na 4 na neman amfiya 3, kuma cajar da ake sokawa a ramin laita ba kasafai take ba da haka tsakani da Allah ba. In ya kai digiri 80 sai ya rage gudu da kansa. In aka yanke masa wuta farat ɗaya, katinsa na iya lalacewa. Allo daban, amfilifaya daban, GPS daban. In aka tara kuɗin, sau da yawa ya zarce na allon Android. Ilimi ake saye da shi, kuma ilimin ya cancanci kuɗin, amma kada a ɗaura shi a motar da ake neman abinci da ita.

Allo kuma, haskensa ya fi girmansa muhimmanci. Allon laftof na da hasken da ake aunawa da nit 250 zuwa 300, wanda a ranar tsaka ba ka ganin komai a kansa sai fuskarka. Wanda ake iya karantawa a rana yana kaiwa 800 zuwa 1,000. A cikin shago kowane allo kyakkyawa ne, a fito da shi waje. Ya kuma iya dusashewa da dare, don kada ya kashe maka ido a hanyar Zariya zuwa Kano.

Yanzu ga abin da ya shafe mu, mu ma'aikatan rediyo, kuma ba zan ɓoye son kaina a ciki ba. Da yawa daga cikin allunan nan ba su da matsakaicin zango, wasu suna da shi amma kurma ne, gajeren zango kuwa kada ma ka tambaya. Mutumin birni bai damu ba, FM ta ishe shi. Amma FM ba ta nisa, kuma direban da ke ratsa ƙauyuka ya san matsakaicin zango ne abokin tafiya. Mitar da aka san Rediyon Najeriya Kaduna da ita 594 ce, ta Nagarta 747. A Afirka da Turai tashoshin matsakaicin zango tara-tara suke tafiya, a Amurka goma-goma. Rediyon da aka saita wa Amurka zai tsallaka daga 590 zuwa 600, daga 740 zuwa 750, ba zai taɓa sauka daidai kan tasharka ba, sai ka ji murya a shaƙe. A allon Android akwai wurin zaɓen yanki, a sa shi a Turai. Rediyon da aka yi wa kasuwar Japan kuma FM ɗinsa daga 76 yake farawa ya tsaya a 90 ko 95, alhali tashoshinmu na tsakanin 87.5 da 108. Sannan in bayan ɗauri ka ji shuuu ta rufe tasha da zarar an kunna na'ura, to mai sauke wuta mai araha ne ko ƙwan LED ke watsa hayaniya, ko kuma an manta ba a jona wa eriya wutarta ba. Da yawa sun yar da tsohon rediyo mai kunne suka sa allo mai ƙyalli, suka dawo suna sauraron labarai a waya.

GPS ba ya buƙatar data, daga tauraron ɗan adam yake karɓa kyauta, in dai eriyarsa na ganin sama. Taswirar ce ke buƙatar intanet, sai in ka sauke ta tun a gida. Google Maps na ba da damar haka, OsmAnd da Organic Maps kuma dama don haka aka yi su. Mun ga amfanin wannan a 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Jihar Kaduna saboda matsalar tsaro. Ko ba a rufe ba, kowa ya san inda sabis ke ɗaukewa a hanyarsa. Kada dai a ba taswira amana ɗari bisa ɗari a ƙauyukanmu, ba ta san gadar da ruwa ya cinye ba, ba ta san hanyar da ba a bi bayan magariba ba. Wannan a tasha ake tambaya.

Alhaji mai motocin kaya, kai ba allo kake buƙata ba. Ƙaramar tiraka, wato na'urar bin sawun mota, ta ishe ka, mai karɓar bolt 9 zuwa 36, mai 4G da ke iya komawa 2G, mai ajiye bayanin tafiya in sabis ya ɗauke ta turo in ya dawo. Layin da ke cikinta a haɗa shi da NIN, a riƙa sa masa kuɗi, domin layi in ya mutu tiraka ta zama dutse. Wasu na da damar kashe mota daga nesa. A tabbata an saita ta yadda ba za ta yanke mai ba sai mota ta rage gudu ƙwarai ko ta tsaya. Inji in ya mutu ana cikin gudu, sitiyari da burki na yin tauri, ga kaya ga rayuka. Ka kuma gaya wa direbanka ka sa. Tiraka dabam take da na'urar ƙayyade gudu da hukumar kiyaye haɗura ta FRSC ta fara tilasta wa motocin haya a Fabrairun 2017, ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya.

Ga makanikai, ƙofar shiga ita ce soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, OBD. Amurka ta wajabta shi tun 1996, Turai a 2001 ga motocin fetur, 2004 ga na gas. Shi ya sa Corolla ko Honda 'yar Amurka ke amsa ƙaramar na'urar ELM327 da manhaja irin Torque cikin sauƙi, amma Golf 3 da yawa sai da wayarsu ta musamman da manhajar VCDS, Fijo kuma da Diagbox. Ka san motocin da ke zuwa garejinka kafin ka saya. Lamba P0300 na cewa inji na tsallake wuta, P0171 na cewa iska ta rinjayi mai. Lambar na nuna inda za a duba ne, ba ta ce ga abin da za a canza ba. Goge ta kuma ba gyara ba ne, fitilar za ta dawo. Na'urar karatun nan a zare ta in an gama, domin soket ɗin na da wuta ko mota na kashe. Kuma wanda bai ƙware ba ya tsaya ga karatu, kada ya shiga rubuta wa birenbos komai.

Kafin lokaci ya ƙure, ɗauri. Duk wayar da aka ja daga batir a sa mata fis dab da batirin, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Fis ɗin da ya ƙone a sa irinsa, ba a naɗa masa silin waya ko takardar sigari. Akwai wayar da alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe, kankare bakinta da reza, in ka ga fari a ciki ka ajiye. Inda waya za ta ratsa ƙarfen jikin mota a sa mata roba. Soket mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin kujera ko sitiyari na jakar iska ne, ba a taɓa shi, kuma ba a ɗaura allo a inda jakar za ta fashe. Akwai wata waya da ake jonawa da burkin hannu don kada fim ya kunnu ana tafiya. Masu ɗauri kan haɗa ta da jikin mota don su faranta wa mai mota rai. Ni dai na ce a jona ta inda aka ce. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa. Kallon fim na daƙiƙa uku ya haura mita 80 da aka yi ba a ga hanya ba, a titin da babur da amalanke da shanu ke fitowa ba sallama.

In an gama ɗauri, kada ka biya cikon kuɗi a cikin rumfa. A fitar da mota rana, a bar ta ta yi zafi, a kunna. A kashe inji a sake tayarwa sau uku, ka ga ko na'urar na mutuwa da kik. A kamo tashar matsakaicin zango inji na aiki, fitilu a kunne. A hau hanya mai gargada a dawo. A zare makulli a auna abin da take sha. Sannan ku yi magana da mai kaya a gaban shaida, kwana nawa ne in ta ba da matsala za ka dawo da ita, a rubuta a bayan rasit.

Lokaci ya cim mana. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)